Karayar ƙwauri: siminti kaɗai zai haɗa ta, ko sai an sa ƙarfe?

Abban Sadiq, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙashi. Ƙanena ne, shekararsa 27, keke napep ya buge shi shekaranjiya a wajen Farin Gada, ƙafar dama ta karye kusan tsakiyar ƙwauri. Hoto ya nuna ƙasusuwan biyu duk sun karye, babba da ƙarami, amma fata ba ta fashe ba. A asibiti sun ja ƙafar sun daidaita ta, suka sa masa rabin siminti ta baya tun daga cinya har yatsu, suka naɗe da bandeji, suka ce mu koma bayan mako ɗaya a sake hoto.

Likitan ya ce zaɓi biyu ne: a ci gaba da siminti, ko a yi tiyata a zura ƙarfe a cikin ƙashin. Kuɗin ƙarfen ya fi ƙarfinmu a yanzu. A gida kuma kawunnanmu sun matsa a kai shi wajen mai ɗori, wai rabin siminti ba magani ba ne, ɗaure ƙafar kawai aka yi aka sallame mu.

Shin siminti kaɗai yana haɗa irin wannan karayar? Wata nawa zai ɗauka? Me ya sa rabi aka sa ba cikakke ba? Aikinsa walda ne, a tsaye yake wuni, kuma yana shan sigari. Na gode.

Likitan Ƙashi

Wa alaikumus salam, Malam Abban Sadiq. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba.

Eh, siminti yana haɗa karayar ƙwauri. Ba wai abin da ake ba wanda ya kasa biyan tiyata ba ne don a rabu da shi. Kafin ƙarfen da ake zurawa ta cikin ɓargo ya yaɗu, da siminti aka yi ta haɗa wannan karayar a ko'ina. Sai dai ba kowace karaya ce ta dace da shi ba. Ga ma'aunin da muke dubawa, ka riƙe shi ka tambayi likitansa a kan hoton.

Babban ƙashin, tibiya, shi ne kake taɓawa a gaban ƙwauri, fata ce kawai ta rufe shi, kuma shi ke ɗauke da kusan dukkan nauyin jiki. Ƙaramin, fibula, yana gefen waje a cikin tsoka, in ya karye a tsakiya yakan haɗe da kansa cikin kamar mako 6. Aikin duka a kan babban yake. Tun da gabansa ba tsoka, jinin da ke ciyar da shi ba shi da yawa, musamman ta ƙasa wajen idon sawu, shi ya sa yake da nawar haɗewa.

Bayan an ja an daidaita, hoto biyu ake ɗauka, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, kuma dole gwiwa da idon sawu su fito a ciki. Karkatar ƙashin zuwa ciki ko waje kada ta wuce digiri 5. Lanƙwasarsa gaba ko baya kada ta wuce 10. Gajarta kada ta wuce santimita 1. Bakunan ƙashin biyu su haɗu aƙalla rabi. Sai murɗewa, wato tafin ƙafa ya kalli waje ko ciki fiye da na lafiyayyar ƙafar: ita ma iyakarta digiri 10, kuma hoto ba ya nuna ta da kyau, da ido ake gwadawa da ɗaya ƙafar. Ita aka fi mantawa, ita kuma ƙashi ba ya gyara ta da kansa.

Siffar karayar ma tana da muhimmanci. Wadda ta yanke ƙashin a gicciye, in aka ɗora baki kan baki tana zama. Wadda ta tafi a karkace ko a murɗe, bakunan suna zamewa a kan juna, ƙafa ta gajarta. Ka nemi a nuna maka hoton farko, wanda aka ɗauka kafin a ja ƙafar, domin gajartar da ke cikinsa ita ce inda ƙashin zai so komawa. In a can ma ba ta wuce santimita 1 ba, alama ce mai kyau.

Akwai inda ba a zancen siminti sam: in akwai rauni a kan karayar ko da ɗan huji ne, in karayar ta shiga cikin gwiwa ko idon sawu ta goce, in babban ƙashin ya karye wuri biyu, in jijiyar jini ta taɓu, in cinyar wannan ƙafar ma ta karye. Ga yadda ka bayyana, na ƙanenka bai faɗa cikin waɗannan ba.

Rabin siminti da gangan aka sa shi. Ƙafar da ta karye tana ci gaba da kumbura kwana 2 zuwa 3, in aka zagaye ta da abu mai tauri babu inda kumburin zai je. Idan ya sauka, cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a sa cikakke daga cinya zuwa yatsu. Hoto kuma a mako na 1, na 2, na 3, sannan na 6, ana ƙirgawa daga ranar karayar. Waɗannan makonni ukun farko su ne ginshiƙin maganin gaba ɗaya. A lokacin ne kumburi ke sauka, siminti ya yi sako-sako, ƙashi ya zame ba tare da mai shi ya ji ba. A lokacin ne kuma ake iya gyara shi cikin sauƙi. In aka wuce mako na 4 ƙashin ya fara kamawa a yadda yake, karkatacce ko miƙaƙƙe. Sau da yawa ƙafafun da suka haɗe a karkace ba laifin siminti ba ne, an tsallake hoton mako na 2 ne don zafi ya ragu ana ganin an warke.

Tsakanin mako na 4 da na 6, in hoto ya nuna sabon ƙashi ya fara taruwa, sai a cire dogon a sa gajere wanda ya tsaya a gwiwa, a fara taka ƙafar. Wani likita a Amurka, Augusto Sarmiento, shi ya bayyana wannan gajeren siminti a 1967. Hikimarsa ita ce taka ƙafa daidai gwargwado yana sa ƙashi saurin haɗewa, kuma gwiwa ba ta sandarewa.

Ga babban mutum, haɗewa tana ɗaukar kimanin mako 16, wani 12 wani har 20. In an wuce mako 20 babu ci gaba a hoto, haɗewar ta yi jinkiri ke nan. In aka kai wata 6 zuwa 9 ana nan jiya i yau, sai tiyata. Mai aikin tsaye kamar walda ya sa wa ransa wata 5 zuwa 6 kafin ya koma aiki sosai. Ku yi wannan lissafin ma: kuɗin canjin siminti sau biyu ko uku, hotuna, zirga-zirga, da watannin zama babu sana'a. Ƙarfe yana sa a taka da wuri kuma ya fi riƙe ƙashi a miƙe, amma yana da nasa: ciwon gaban gwiwa da ke damun mutane da yawa bayansa, da haɗarin ƙwayar cuta ta shiga ƙashi.

Sigari kuwa ya ajiye ta yau. Tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da wurin karayar, kuma masu shanta sun fi marasa shanta jinkirin haɗewa da ƙin haɗewa. Shisha ma haka. Wannan ne abu ɗaya da ke hannunsa kacokan.

Maman Hanifa, nas

Sannu Abban Sadiq, ya mai jiki? Likita ya yi bayanin ƙashi. Tun da yau kwana biyu ne kawai, abin da ya fi gaggawa shi ne naman da ke kewaye da ƙashin.

Tsokar ƙwauri da sha-raɓa a cikin ɗakuna huɗu take, kowanne an lulluɓe shi da wata fata mai tauri da ba ta miƙewa. In jini da kumburi suka taru a ciki, kamar buhu ne da aka ɗinke bakinsa ana ci gaba da ɗura masa hatsi: matsin yana ƙaruwa har jini ya kasa shiga tsokar. Cikin awa 6 zuwa 8 tsoka ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. An fi ganin wannan a kwana biyun farko, kuma samari masu ƙarfin tsoka irin ƙanenka ya fi kamawa.

Alamar farko zafi ne da ya wuce misali, yana ƙaruwa maimakon raguwa, magani ba ya taɓa shi. Ka kama babban yatsansa ka lanƙwasa shi a hankali sama da ƙasa. In ya ji azaba a cikin ƙwauri ko sha-raɓa, ba a yatsan ba, ku tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Haka in tsakanin babban yatsa da mai bi masa ya mutu ba ya jin taɓi, ko yana jin kamar ana tsira masa allurai. Kada ku jira yatsu su yi sanyi ko su yi baƙi, wannan alamar ƙarshe ce. Yatsu suna iya kasancewa da ɗumi, jini yana bugawa a tafin ƙafa, alhali tsoka tana mutuwa a ciki. Kafin ku fita ku warware bandejin, ku yaga audugar ta gaba tun daga sama har ƙasa sai kun ga fata, ku bar simintin bayan a wurinsa, ƙafar a kwance daidai da ƙirji. Ku nufi inda ake tiyatar ƙashi da dare, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko Plateau Specialist, ko asibitin Jankwano, ba kemis ba.

In babu wannan, a makon farko ya kwanta ƙafar tana kan filo biyu, ta ɗan fi ƙirjinsa tudu. Filon a ƙarƙashin sha-raɓa za a sa, dunduniya tana reto ba ta taɓa komai. Dunduniyar da ta kwana tana danne a kan katifa ita ke yin gyambo a cikin siminti. Ya riƙa motsa yatsu kowace awa in yana farke.

Magani: farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Diclofenac da ibuprofen na 'yan kwanaki ne in likita ya rubuta, ba na makonni ba. Suna cin ciki da ƙoda, kuma ana zargin dogon shansu da jinkirta haɗewar ƙashi. Tramadol na kemis yana da haɗari biyu a nan, sabo da kuma rufe zafin da ya kamata ya tashe ku zuwa asibiti. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce na ciwon jiki ne, sau da yawa da dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuma suna hana ƙashi kamawa.

Abu na biyu da ke kisa shi ne gudan jini. Ƙafar da ba ta motsi jini yana daskarewa a jijiyoyinta, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Sabon kumburi ko ciwon sha-raɓa ko cinya bayan an samu sauƙi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, tari da jini, ko ruɗewa, duk na gaggawa ne. Ku tambayi likitansa ko yana bukatar maganin tsinka jini, musamman in yana da ƙiba ko an taɓa samun haka a gidanku. Ya sha ruwa sosai, kada ya rage sha don gudun zuwa bayi.

Bayin tsuguno ba zai yiwu da dogon siminti ba. A samu kujerar roba mai ƙarfi a huda tsakiyarta, a sa bokiti a ƙasa, da ɗan benci da zai ɗora ƙafar. Abinci kuma ba sai an sayi wani abu mai tsada ba: wake, ƙwai, kifi, nama in an samu, nono ko kindirmo, zogale, da ɗan zama a hantsi. A gwada masa suga sau ɗaya.

Baba Mai Siminti

Ɗana Abban Sadiq, Allah ya sawwaƙe. Ga abin da za ka sa wa ido ranar da za a sa cikakken, domin siminti ma akwai mai kyau akwai na jeka-na-yi-ka.

Aikin mutum uku ne: mai riƙe cinya, mai jan ƙafa, mai naɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce majinyaci ya zauna a bakin gado ƙafar tana reto, nauyinta yana taimakawa wajen miƙe ƙashin, a fara naɗe daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa. In wannan ya kama sai a miƙe gwiwa a ƙarasa zuwa cinya. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, digiri 10 zuwa 15, don kada ƙafar ta juya a ciki kuma ya iya ɗaga ta daga ƙasa in yana tafiya da sanda. Tafin ƙafa a tsaye, digiri 90 da ƙwauri. In aka bar shi ya sunkuya wata uku, ranar da aka cire dunduniya ba za ta taɓa ƙasa ba.

Auduga ninki biyu, kowane zagaye yana rufe rabin na baya, a ƙara a idon sawu biyu, dunduniya, ƙoƙon gwiwa, da ɗan ƙashin nan da ke tudu a gefen gwiwa ta waje. Wata jijiya ce ke ratsawa ta wuyan wannan ƙashin, in siminti ya danne ta mutum ba zai iya ɗaga tafin ƙafarsa ba. Auduga in ta yi yawa kuma, ƙashi yana yawo a ciki. Naɗin mai faɗin santimita 15 ake amfani da shi, babban mutum yakan ci shida zuwa takwas. Ruwan jiƙawa mai sanyi-sanyi, ba mai zafi ba, domin siminti da kansa yana fitar da zafi in yana kamawa, in aka haɗa da ruwan zafi yana ƙona fata. Ba a ja a ɗame, shimfiɗawa ake yi. Da tafin hannu ake gyara shi, ba da yatsu ba. Kowane lotsawar yatsa a waje tudu ne a ciki da zai ci fata. Yatsun ƙafa biyar duk a gan su a waje.

Mai kyau ba zagayayye ba ne sumul. Ana danna shi wuri uku, ɗaya a kan kusurwar karayar, biyu ta ɗaya gefen sama da ƙasa, wannan dannawar ce ke riƙe ƙashi. Shi ya sa ga sabuwar karaya farin siminti ya fi na faiba mai launi. Na faiba ba shi da nauyi kuma yana ƙarfi cikin rabin awa, amma ba ya karɓar siffa kamar fari, ga tsada. A bar shi sai lokacin gajeren.

Farin yana kamawa cikin minti goma, amma bushewarsa kwana 2 zuwa 3 ce, a sanyin Jos ko damina ya fi haka. A bar shi a buɗe iska tana buga shi, a kan filo mai laushi, kada a rufe da bargo. Kada a kanga shi a kaskon gawayi ko hita don ya bushe: waje zai bushe ya tsage, ciki ya ƙona shi bai sani ba.

Ruwa ne makashinsa. Wanka da tsumma, a sa ƙafar a babbar leda a ɗaure a cinya, duk da haka kada a kwarara ruwa a kai. Alwala kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri: danshin hannu ake shafawa a kai, ba zubawa ba, salla a zaune. Ƙaiƙayi zai zo. Kada a zura tsinke, waya ko biro, kada a zuba hoda. A ɗan bubbuga simintin ko a hura iskar fanka ta bakinsa.

A dawo da shi in ya tsage a gwiwa ko idon sawu, in ya yi laushi a dunduniya, in hannu yana shiga tsakaninsa da cinya har ƙafar tana motsi a ciki, in akwai wuri ɗaya da ke zafi kamar wuta, ko wari, ko tabon ruwa ya ɓullo ta jikinsa. Zafin wuri ɗaya in ya yi kwana biyu ya ɗauke da kansa, ba sauƙi ba ne, fatar wurin ce ta mutu. Taga ake yankawa a duba, a mayar da murfin a naɗe.

Mai Gashi, Bukuru

Malam Abban Sadiq, sannu da ɗawainiya. Maganar kawunnanku ba a taɓa ta ba, kuma ita ce za ta iya rusa duk abin da aka faɗa a sama.

Kawunnanku ba su yi ƙarya ba in suka ce sun ga waɗanda mai ɗori ya ɗora suka warke. Ƙashi da kansa yake haɗewa, aikin mai magani shi ne ya riƙe shi a miƙe har ya gama. Bambancin yana wajen riƙon. Mai ɗori ba ya ganin cikin ƙafa, da lalube yake aiki, digiri 5 da 15 duk ɗaya ne a hannu in akwai kumburi. Karan da yake jerawa gajeru ne, ba sa kama gwiwa da idon sawu, don haka ƙafa tana juyawa. Don su riƙe sai an ɗaure tamau, a kan ƙafar da ke kan kumbura, abin da Maman Hanifa ta bayyana ke nan, kuma ta nan ruɓewar da ke kai ga yanke ƙafa take farawa. Kwancewa duk bayan 'yan kwanaki a murza a sake ja yana karya sabon ƙashin da ke ƙoƙarin kamawa. In aka yi tsaga aka shafa magani, karayar da fata ta rufe ta koma buɗaɗɗiya. Ƙafar ƙanenka an riga an daidaita ta an gani a hoto. Kwance ta yanzu asarar wannan ce. Ranar komawa asibiti ka tafi da babban kawun, a nuna masa hoton da idonsa. Addu'a da tofi kuwa siminti bai hana su ba.

Ina ɗan saɓa wa masu cewa ya kwanta kawai. Bayan kwanakin farko na ɗaga ƙafa, ya tashi da sanduna biyu ba tare da taka ƙafar ba. Kan sandar ya tsaya yatsu uku ƙasa da hammata, mariƙin daidai wuyan hannu in ya saki hannunsa, nauyi a tafin hannu. Mai rataya hammata a kan sanda yana danne jijiyar hannu, ya wayi gari wuyan hannu ya saki. A duba robar gindin sandar, in ta cinye a canja. Tayil mai ruwa da duwatsun unguwanninmu ba sa yafiya. Hawa mataki lafiyayyar ƙafa ce gaba, sauka kuma sanduna da mai ciwon.

A cikin siminti ya riƙa ɗaure tsokar cinya kamar zai danna gwiwa ƙasa, ya riƙe daƙiƙa 5, sau 10, safe da rana da dare. In zafi ya lafa ya ƙara da ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga kan gado. Cinya tana ramewa cikin mako biyu in ba a yi haka ba.

Ranar da likita ya ce a fara takawa, a samu sikelin awon nauyi na gida, ya danna ƙafar a kai har ya nuna kilo 10 zuwa 15, ya gane yadda wannan nauyin yake a jikinsa, da shi zai fara. Ana ƙarawa mako-mako muddin wurin karayar ba ya zafi. Zafin idon sawu da tafin ƙafa ba komai, na rashin aiki ne. Zafi a kan karayar kanta yana nufin a koma baya. Bayan an cire siminti ƙafar za ta fito siririya, fata tana saɓa, idon sawu a sandare, kuma za ta riƙa kumbura da yamma har watanni. Ruwan ɗumi da man kaɗanya sun isa ga fatar, ba a kankarewa. Sanda ɗaya a hannun da ke ɗaya gefen har ɗingishi ya tafi.

Abban Sadiq, Anguwan Rogo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Kawu ya ga hoton ya haƙura. An sa cikakken siminti a kwana na 10. Yau aka yi hoton mako na biyu, likitan ya ce gajarta milimita 6 ce, ta gefe lafiya lau, amma ta gaba ƙafar ta karkata waje digiri 8. Ya ce mu koma jibi za su yanka simintin su sa wani abu a ciki. Likita, wannan yana nufin siminti ya gaza ne?

Likitan Ƙashi

A'a Malam, bai gaza ba, amfanin hoton mako na biyu ke nan. Milimita 6 tana cikin iyaka kuma ba zai ji ta a tafiya ba. Digiri 8 ne ya wuce, kuma yanzu ƙashin yana da taushin da zai gyaru.

Abin da za su yi shi ne su auna daidai inda karayar take a jikin simintin, su yanka shi a zagaye kamar kashi uku cikin huɗu, su bar kashi ɗaya a matsayin maƙali. Tun da ƙafar waje ta karkata, ta gefen waje za a buɗe yankan, maƙalin yana ciki. Ana buɗewa a hankali, a cusa ɗan katako ko toto mai tauri ya riƙe gibin. Lissafinsa: a simintin da faɗinsa ya kai santimita 12, kowane digiri ɗaya yana bukatar buɗi kusan milimita 2, digiri 8 ke nan wajen santimita ɗaya da rabi. Sai a sake hoto nan take, kafin a rufe. In ya miƙe a cike gibin da auduga a naɗe da sabon siminti. Katakon kada ya taɓa fata.

A ba shi maganin zafi kafin a fara. Bayan an gama, kafin ku bar asibiti, ya ɗaga babban yatsansa sama ku gani, a taɓa bayan tafin ƙafar ya tabbatar yana ji. Ɗan ciwo na awa kaɗan daidai ne. In ya kwana yana jin wuri ɗaya yana ci, musamman ta gefen maƙalin ko bakin yankan, ku koma da safe a duba fatar.

Hoto na gaba bayan mako ɗaya, kada a ɗaga shi. In ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, a ci gaba har lokacin gajeren siminti. In ya sake zamewa, karayar ta nuna ba mai zama ba ce, kuma gara a yi maganar ƙarfe a mako na 3 ko na 4, lokacin aikin yana da sauƙi, da a bari ta haɗe a karkace sai an sake karya ta a tiyata. Ku fara tambayar kuɗin tun jibi, har da ofishin walwalar majinyata na asibitin, ko da ba za a bukata ba.